Hasken Rana da Fatar Ɗan Adam: Lacca a kan Fa'idar Shafa Man Kariya Kullum

 

Mas'alar da aka ɗora mini in yi bayani a kanta yau ita ce fa'idar da mutum yake samu bayan shekaru masu yawa idan ya lizimci shafa man nan da ake yi domin kare fata daga rana. Na sani sarai akwai waɗanda tun da suka ji sunan laccar suka ce a ransu wannan ai sha'anin Turawa ne, domin mu a cikin rana aka haife mu, a cikinta kakanninmu suka yi noma da fatauci har suka tsufa ba su taɓa ganin kwalbar irin wannan mai ba. Maganar tasu tana da ƙamshin gaskiya, kuma ba zan yi mata riƙon sakainar kashi ba, sai dai ina roƙon a yi mini haƙuri har in shimfiɗa hujjoji, sa'an nan a ga wanda hukuncin ya hau kansa da wanda bai hau ba, domin kuwa ba daidai yake a kan kowa ba.

Asalin mas'alar shi ne cewa abin da yake fitowa daga rana ya fi abin da ido yake gani. A shekarar 1801 wani masani Bajamushe mai suna Johann Ritter, a garin Jena, ya ratsa hasken rana ta cikin gilashi mai kusurwa uku har ya rarrabu zuwa launukan bakan gizo, sa'an nan ya shimfiɗa takarda mai gishirin azurfa, wanda ɗabi'arsa ce ya yi baƙi idan haske ya taɓa shi. Sai ya tarar takardar ta fi saurin yin baƙi a can gaba da launi na ƙarshe, a gurbin da ido ba ya ganin kome sai duhu. Wannan ɓoyayyen haske shi ne ake rubuta wa UV a jikin kwalabe, kuma abin da yake isowa ƙasa daga gare shi kashi biyu ne. Akwai UVB, wanda yake tsayawa a saman fata, shi ne mai ƙona ta, shi ne kuma yake tsananta da tsakar rana. Akwai UVA, wanda ya kai kimanin kashi 95 cikin 100 na dukan abin da yake iso mu, yana nutsawa can ƙasan fata, yana ratsa gilashin taga, kuma yana nan tun daga hantsi har yamma. Ya kamata a lura cewa wannan haske ba shi ne zafin da jiki yake ji ba. Mutumin Jos, da yake zaune a kan tsauni mai tsawon mita wajen 1,200, yana jin sanyi ya saki jiki, alhali kuwa ɓoyayyen hasken ƙaruwa yake yi gwargwadon hawan mutum sama. Haka nan ranar da gajimare ya lulluɓe sama, mafi yawansa yana iya ratsowa, hazon hunturu ma rage shi yake yi, ba ya kawar da shi.

Kowace uwar gida ta san abin da yake samun zane idan aka riƙa shanya shi a tsakar rana: ranar farko ba a ganin kome, wata na farko ma haka, amma kafin shekara ta zagayo launi ya koɗe, zare ya yi rauni, har ya kai ana ja kaɗan ya yage, kuma ba wanda zai iya nuna ranar da ɓarnar ta auku, domin kowace rana ta ba da nata ɗan rabo. To haka al'amarin fata yake, sai dai ita rayayyiya ce, tana gyara kanta. Hasken yana tsinka zaruruwan da suke riƙe da ita a miƙe, waɗanda likitoci suke kira kolajin, shi ya sa take yamushewa ta yi kauri. Yana kuma ɓata rubutun gado da yake cikin ƙwayoyinta, wanda da shi ƙwaya take sanin lokacin da za ta hayayyafa da lokacin da za ta tsaya. Jiki yana gyara galibin wannan ɓarna dare da rana, amma akan sami kuskuren da ya kuɓuce, kuskure ya hau kan kuskure shekara ashirin ko talatin, har wata ƙwaya ta ƙi tsayawa, wannan kuwa shi ne mafarin ciwon daji. Tun a 1894 wani likitan fata a Hambug, Paul Unna, ya siffanta wannan hali a jikin matuƙan jiragen ruwa da suka ƙare rayuwarsu a fili, kuma a 1992 hukumar binciken ciwon daji ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta sanya hasken rana a sahun abubuwan da aka tabbatar suna haddasa shi. A 2012 wata babbar mujallar likitoci ta Amurka ta buga hoton wani dattijo ɗan shekara 69 wanda ya yi shekara 28 yana tuƙin babbar mota: gefen hagu na fuskarsa, wanda yake wajen taga, ya tattare ya zube, gefen dama kuwa yana nan da sauran ƙuruciyarsa. Direbobinmu da suke bin hanyar Kano zuwa Ikko, hannun hagu a kan taga, su ma suna iya gwada hannayensu biyu su gani.

Amma sanin cewa rana tana ɓarna abu ne dabam, tabbatar da cewa mai yana hana ta kuma abu ne dabam, kuma a nan ne nake so in daɗe, domin hujja mafi ƙarfi da duniya take da ita daga gari guda ta fito. Ƙasar Ostareliya ƙasa ce mai tsananin rana wadda galibin mazaunanta jikokin mutanen Ingila da Ailan ne, masu fatar da aka halitta domin ƙasar hazo da ruwan sama, saboda haka ciwon dajin fata ya yi musu katutu har aka ƙiyasta cewa mutum biyu cikin uku zai same su kafin su cika shekara 70. Tun daga 1981 hukumominsu suke shelar a sa riga, a shafa mai, a kifa hula. A shekarar 1992 wata likita mai bincike, Adele Green, tare da abokan aikinta, suka zaɓi mutum 1,621 daga garin Nambour a jihar Kwinslan, suka raba su gida biyu ta hanyar ƙuri'a. Gida na farko aka ba su mai, aka umarce su su shafa a kai da wuya da hannuwa kowace safiya. Gida na biyu kuwa ba a hana su mai ba, an dai bar su su shafa lokacin da suka ga dama, kamar yadda suka saba. Ina roƙon a riƙe wannan sharaɗi da kyau, domin ma'anarsa ita ce abin da aka auna shi ne bambancin da yake tsakanin mai yi kullum da mai yi jefi-jefi.

An ci gaba da haka har 1996. Da aka yi lissafi, sai aka ga nau'in ciwon dajin da yake tasowa daga ƙwayoyin saman fata, wanda yakan fara da ɓawo mai kaushi ya zama gyambo, ya ragu da kusan kashi 40 cikin 100 a wurin masu shafawa kullum. Wani nau'in kuma, wanda ya fi yawa amma ya fi sauƙin haɗari, ba a ga ya ragu a fili ba, kuma masu binciken sun faɗi haka ba su ɓoye ba, abin da yake ƙara mini natsuwa da sauran abin da suka ruwaito. Sa'an nan aka daina raba mai, kowa ya koma harkarsa, amma aka ci gaba da bibiyar mutanen nan shekara goma. A 2011 aka bayyana sakamako game da melanoma, wanda shi ne mafi kisa a cikin cututtukan dajin fata: mutum 11 ya kama a gidan masu shafawa kullum, mutum 22 a ɗaya gidan, wanda kuwa ya riga ya nutsa cikin jiki, 3 ne a nan, 11 a can. Watau ɗabi'ar shekara huɗu da rabi ta ci gaba da biyan mai ita shekara goma bayan an rufe gwajin. A 2013 kuma aka fitar da abin da ya shafi tsufan fata, bayan an ɗauki zanen bayan hannun mutum 903 waɗanda ba su kai shekara 55 ba, a farkon gwajin da ƙarshensa: masu shafawa kullum ba a iya gano wani ƙarin tsufa a fatarsu ba, kuma idan aka gwada su da sauran, tsufan ya gaza da kashi 24 cikin 100. Man da suka yi amfani da shi kuwa mai lamba 16 ne kacal a ma'aunin ƙarfin kariya na SPF, wanda a yau ake ganin ƙarami ne. Dawwama ce ta yi aikin.

To, ina matsayinmu a cikin wannan? Amana ta ilimi ta wajabta in ce mutanen Nambour farare ne, kuma ba ya halatta a ɗauki adadinsu a ɗora a kan baƙar fata kai tsaye. Allah ya sanya a fatarmu wani sinadari mai suna melanin, wanda shi ne launinmu, yana shanye ɓoyayyen hasken kafin ya kai ga ƙwayoyi, har wasu masu bincike a Amurka suka ƙiyasta a 1979 cewa kariyar baƙar fata ta kai ta mai mai lamba 13. Saboda haka ciwon dajin da rana take jawowa kaɗan ne ƙwarai a cikinmu, melanoma kuma idan ta zo wa baƙin mutum ta fi fitowa a tafin ƙafa ko tafin hannu ko ƙarƙashin farce, inda rana ba ta da hannu, kamar yadda ta fara wa mawaƙin nan na Jamaika, Bob Marley, a yatsan ƙafa, ta yi ajalinsa a 1981 yana da shekara 36. Duk wanda ya tsorata baƙin manomi da adadin Ostareliya domin ya sayar masa da kwalba, bai yi masa adalci ba.

Fa'idar da baƙar fata take samu ta wata fuska ce. Fatarmu da wuya ta ƙone, amma tana da saurin yin tabo, kuma tabon yana daɗewa: ƙurji ya warke ya bar baƙi wata shida, kaushin aski ya bar nasa, mace mai juna biyu ta ga duhu ya shimfiɗu a kumatunta da goshinta ya ƙi tafiya bayan haihuwa. Duk waɗannan rana ce take ciyar da su, domin kowace fita tana umartar fata ta ƙara zuba launi a gurbin da ya riga ya yi yawa, kuma likitocin fata sun haɗu a kan cewa maganin tabo ba ya cin nasara idan ba a haɗa shi da kariya daga rana ba. A nan ne nake jin takaicin abin da ya sami 'yan'uwanmu mata da yawa, har da wasu maza, waɗanda tabo kaɗan ya kai su ga man bilicin. Mayukan nan, da abin da ake zubawa a cikinsu na haidirokwinon da zaiba da magungunan sitiroyid, aikinsu shi ne su kashe melanin ko su sirantar da fata, watau su tuɓe wa mutum rigar da aka haife shi da ita, sa'an nan ya fita cikin ranar Kano, wadda take tsayawa cak a kan kai a ƙarshen Afrilu da kuma cikin Agusta. Tun a 1975 likitoci a Afirka ta Kudu suka siffanta baƙin tabo mai shuɗi-shuɗi da yake fitowa a kumatun masu daɗewa da haidirokwinon, a daidai wuraren da rana take duka, wanda kuma yake da wuyar magani ainun. Man kariya ba ya cikin wannan dangi ko kaɗan. Ba ya ƙara wa kowa fari, launin da mutum yake da shi yake tsare masa bai ɗaya, kuma ya kamata magidanta su san haka kada su hana iyalinsu shi bisa zato.

Yanzu na iso ga waɗanda dominsu na karɓi wannan gayyata, su ne 'yan'uwanmu zabiyoyi. Zabiya ɗanmu ne, daga tsatsonmu, ya gaji wani sirri daga uwa da uba duka biyu, ko da su baƙaƙe ne, wanda ya hana jikinsa yin melanin. Idan iyaye biyu suna ɗauke da shi, kowane ciki yana da rabo ɗaya cikin huɗu. Wannan bawan Allah ya fi Baturen Nambour rashin kariya, ga shi kuma yana zaune a ƙasar da ta fi Nambour kusa da tsakiyar duniya nesa ba kusa ba. Tun yana yaro ake aikensa talla da kiwo da gona kamar sauran yara, wuyansa da kunnuwansa da leɓensa suna ƙonewa suna saɓulewa, kafin ya balaga ɓawo mai kaushi ya fara fitowa, a shekarun da tsaransa suke aure kuma gyambo ya buɗe a fuska ko a wuya ya ƙi warkewa. Binciken da likita Okoro ya yi a kan zabiyoyi 1,000 a Nijeriya, wanda aka buga a 1975, da wanda aka yi a Darussalam ta Tanzaniya a kan mutum 350 aka buga a 1985, duka sun nuna abu guda: lalacewar fata tun da ƙuruciya, da ƙarancin waɗanda suke kai wa ga manyan shekaru. Nau'in ciwon dajin da ya fi kashe su kuwa shi ne ainihin wanda gwajin Nambour ya nuna shafawar kullum tana rage shi. A wasu sassan ƙasar nan ana cewa gishiri ne yake fito wa zabiya da tabo, har a hana yaro miya mai daɗi, a kuma tura shi rana tsirara. Gishiri ba shi da laifi, ranar ce.

Ba fatawa nake bayarwa ba, wannan aikin malamaina ne da suke zaune a gabana, amma tun da kiyaye rai yana cikin manyan manufofin shari'a, ina ganin abin da yake na ado ko na mustahabbi ga sauran jama'a, ga zabiya ya kusanci lalura. Duniya ta fara farkawa: Majalisar Ɗinkin Duniya ta keɓe 13 ga Yuni ta zama ranar zabiyoyi tun daga 2015, wadda kuma aka fara naɗawa mai bincike mai zaman kanta a kan haƙƙoƙinsu 'yar Nijeriya ce, Ikponwosa Ero, a garin Moshi na Tanzaniya ana haɗa man a cikin gida tun daga 2012 ana raba musu kyauta, a 2025 kuma Hukumar Lafiya ta Duniya ta shigar da shi cikin jerin magungunan da bai kamata wata ƙasa ta rasa su ba. Mu a nan kwalba guda tana iya cinye abin da talaka yake samu a kwanaki, kuma ba ta wuce 'yan makonni ga mai shafawa yadda ya kamata. Baƙin manomi ba zan ce ya sayar da hatsinsa ya saya ba, malfa da riga mai dogon hannu sun ishe shi. Amma attajiran unguwa da kwamitocin masallatai da masu raba zakka, ina ganin da wuya su sami sadaka mai gudana da ta fi ɗaukar nauyin man yaro zabiya guda shekara bayan shekara, tare da malfa mai faɗin baki, da tabarau, da roƙon malamin makaranta ya zaunar da shi a inuwa kuma a sahun gaba saboda raunin ganinsa.

Game da yadda ake amfani da shi, a nemi wanda aka rubuta masa lamba 30 ko fiye bayan haruffan SPF, zabiya kuwa 50, a kuma tabbata an ambaci UVA a jikinsa. Mai lamba 15 yana tare kimanin kashi 93 cikin 100 na UVB, mai 30 kashi 97, mai 50 kashi 98, saboda haka babu wanda yake tarewa duka, kuma tazarar da take tsakanin manyan lambobi ba ta kai yadda 'yan kasuwa suke kururutawa ba. Inda mutane suke hasara shi ne wajen awo, domin galibi rabin abin da ake bukata suke shafawa ko ƙasa da haka. Fuska da wuya suna bukatar wajen rabin ƙaramin cokali, a shafa kafin fita da kamar minti goma sha biyar, kada a manta da kunnuwa da ƙeya da bayan hannu. Man kaɗanya yana da albarka wajen laushin fata, amma kariyarsa daga rana ba ta taka kara ta karya ba. Jariri da bai kai wata shida ba, inuwa da tufa ne nasa.

Likitoci suna cewa a sake shafawa bayan kowace awa biyu idan ana cikin rana, da kuma bayan gumi ko wanka, mu kuwa Musulmi muna da wani abin lura da littattafan Turai ba su ambata ba, shi ne alwala. Wanda ya shafa da safe, idan ya wanke fuska da hannuwa da cuɗawa domin azahar, ya wanke man ke nan a daidai lokacin da rana ta fi kaifi, saboda haka sai ya mayar bayan ya idar da salla. Abin da aka sani a wurin malamanmu shi ne maiƙon da ya nutse cikin fata ba ya hana ruwa isa gare ta, abin da yake hanawa shi ne mai jiki wanda ya daskare a kai. Wanda yake da irin man nan mai kauri da aka yi domin masu iyo, sai ya wanke shi tukuna, ko ya tambayi malaminsa. Ma'aunin lokacin haɗari ma yana hannunmu tun da daɗewa, domin ƙa'idar da masana suke koyarwa ita ce muddin inuwar mutum ta fi shi gajarta to hasken yana da ƙarfi, wannan kuwa shi ne daga walaha har zuwa gab da shigar la'asar, lokacin da inuwa take komawa daidai da tsawon mai ita. Kakanninmu da suke ƙailula a wannan tsakani, suke naɗa rawani da amawali, suke kifa malfa a gona, sun riga sun ɗauki rabin maganin, man kuwa cikon abin da tufa ba ta rufe ba ne.

Akan yi tambaya game da sinadarin bitamin D, wanda fata take haɗawa da taimakon rana domin ƙarfin ƙashi, kuma tambaya ce mai kyau, musamman da yake baƙar fata ta fi jinkirin haɗa shi. Wanda yake yawo a waje yana samun rabonsa ko da ya shafa mai a fuska da hannu; wadda take zaune a cikin gida, ko wanda yake rufe jiki duka saboda lalura irin ta zabiya, sai a kula da abincinsa ta wajen kifi da ƙwai da hanta, likita kuma ya auna shi idan ana shakka.

Abu na ƙarshe da zan ambata ya shafi wanda ɓarna ta riga ta fara masa. Duk gyambon da ya wuce wata guda bai warke ba, ko ɓawon da yake ɓarewa yana dawowa a gurbi ɗaya, ko baƙin tabo a tafin ƙafa ko a ƙarƙashin farce da yake faɗaɗa ko yake sauya kama, to a kai shi asibiti wurin likitan fata tun yana ƙarami, kada a tsaya ana ɗaura masa magani a gida, domin a wannan mataki ana cire shi da ɗan ƙaramin aiki mutum ya koma gida a ranar. Zabiya kuwa, ko bai ga kome ba, ya kamata a duba fatarsa duka aƙalla sau ɗaya ko sau biyu a shekara, kuma ya ci gaba da shafa man ko da tabo ya riga ya fito, domin an tabbatar shafawar kullum tana rage fitowar sababbi.